Wasiƙa Zuwa Ga Masu Tara Tsofaffin Littattafai Da Dillalansu



Na rubuto muku ne, ku da kuke bin gidajen gado da rumfunan kasuwa kuna tsintar tsofaffin littattafai, da ku da kuke saye ku adana, saboda wata tambaya da nake ganin ana yawan tsallake ta idan ciniki ya yi daɗi: wannan kwafin daga hannun wa ya fito, kuma me aka yi masa kafin ya iso gare ni? Akwai kasuwanni biyu a Amurka da suka sha wuya kafin su san nauyin wannan tambaya, ɗaya ma har da asarar rayuka. Ta farko ita ce kasuwar littattafai da takardun tarihin Mormon, ta biyu kuwa ta mujallun labari cikin zane, waɗanda ake ce wa komik. Abin da ya same su ya ishe mu darasi tun kafin tamu kasuwar ta yi ƙiba.

Addinin Mormon ya taso ne a zamanin injin ɗab'i, don haka kusan kowane mataki nasa ya bar takarda. A watan Maris na 1830 maɗaba'ar E. B. Grandin da ke garin Palmyra a jihar New York ta gama buga kwafi 5,000 na Littafin Mormon. Wani manomi, Martin Harris, shi ya jinginar da gonarsa don a biya dala 3,000 na aikin. Yau kwafi mai lafiya daga wannan bugu yakan haura dala dubu 100. Akwai ma wanda ya fi shi tsada, wato Littafin Umarnai na 1833, wanda ana cikin buga shi a garin Independence na Missouri gungun mutane suka far wa maɗaba'ar suka watsar da takardun a titi. Wasu 'yan mata biyu, Mary Elizabeth Rollins da ƙanwarta Caroline, suka kwashi abin da suka iya suka ɓuya a gonar masara. Daga irin waɗannan tsintattun takardu aka ɗinka 'yan kwafin da suka rage, waɗanda ba su kai 30 ba a sanin masana. Mabiya na son su taɓa tushen addininsu da hannu, masu sukar cocin na neman hujja, cocin kanta tana da ɗakin adana tarihi da kuɗin saye. Inda aka haɗa ƙauna da tsoro da kuɗi haka, ɗan damfara ba ya nisa.

Sunansa Mark Hofmann, haifaffen Salt Lake City, wanda ya tashi a cikin cocin, ya san abin da kowane ɓangare ke mafarkin gani. A 1980 ya ce ya buɗe wani tsohon Baibul na ƙarni na 17 ya tarar da takarda a naɗe, manne tsakanin shafi biyu, ɗauke da haruffan da Joseph Smith, wanda ya kafa addinin, ya ce ya kwafo daga allunan zinariyar da ya fassaro Littafin Mormon daga cikinsu. An daɗe da sanin cewa an taɓa yin irin wannan takarda, an kuma daɗe ana nemanta. Har hoto aka ɗauka shugaban cocin na lokacin, Spencer W. Kimball, yana duba ta da gilashin ƙara girma, Hofmann na tsaye a gefensa. Daga ranar ya zama mutumin da sa'a ke bi. A 1981 ya fito da wata takarda da ke nuna Smith ya naɗa ɗansa magaji, maganar da ta shafi tsohuwar jayayya kan magajinsa tsakanin cocin Mormon da ke Utah da 'yar'uwarta ta Missouri, ya sa kowacce ta buƙaci ta riga ɗayar samu. A 1984 ya sayar wa wani ɗan kasuwa, Steven Christensen, wasiƙar da ta fi kowace tayar da ƙura, a kan dala 40,000. An ce Martin Harris ne ya rubuta ta a 1830, kuma a cikinta abin da ya bayyana ga Smith wurin allunan wata farar salamanda ce, wata halitta mai kama da ƙadangare, a madadin mala'ikan da cocin ke koyarwa.

Ku lura da yadda yake aiki, domin nan ne amfanin labarin yake. Takardarsa tsohuwa ce ta gaske: fararen shafukan da ke farko da ƙarshen tsofaffin littattafai yake yankowa. Tawadarsa ma da tsohuwar dabara yake haɗa ta, sannan ya shafa sinadari don ta yi kamar ta shekara ɗari da hamsin. Mafi muni, da yake rubutun hannun Martin Harris na gaske bai wuce 'yan sa hannu ba, sai ya ƙirƙiro wasu rubuce-rubucen da sunansa ya saka su cikin kasuwa, ta yadda mai bincike zai auna jabu da jabu ya ga sun dace. Ƙwararrun da ake ji da su sun duba wasiƙar ba su ga aibi ba.

Wanda ya fara ɗaga murya shi ne Jerald Tanner, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sukar cocin, wanda da wasiƙar ta tabbata babu wanda zai kai shi cin riba. Ya karanta ta, ya ji kalmominta sun yi kama da na wani littafin suka da E. D. Howe ya buga a 1834, ya fito fili ya ce yana shakka. Ina girmama wannan mutum ƙwarai, kuma halinsa nake roƙon ku ɗauka. Duk takardar da ta zo tana faɗin daidai abin da zuciyarku ke so, ita ta fi cancantar a tsananta mata bincike.

Ƙarshen labarin ba daɗi. Hofmann ya karɓi kuɗin mutane da dama a kan wani tarin takardu da ba ya hannunsa, yana sa ran biyan bashin da kuɗin wata jabun, wato Rantsuwar 'Yantacce, takardar da aka ce ita aka fara bugawa a yankunan Ingila na Amurka wajen 1639, wadda babu kwafinta ko ɗaya da ya rage. Ya ce a wani kantin tsofaffin littattafai a New York ya saye ta dala 25, har da rasiɗi, ya sa mata kuɗi dala miliyan ɗaya da rabi. Ciniki ya ja, masu bin bashi suka matsa. Ranar 15 ga Oktoba 1985 bama-baman da ya haɗa suka kashe Steven Christensen da wata mata, Kathy Sheets. Washegari na uku ya tashi da shi a motarsa, ya ji rauni. Sai a lokacin aka miƙa takardunsa ga masu binciken laifi, George Throckmorton da William Flynn. Da suka sa su a madubin likita suka ga tawadar ta tsattsage ƙanana-ƙanana, kuma wannan tsaga ba ta cikin takardun da ba su bi ta hannunsa ba. Dalilin zai ba masu rubutun allo sha'awa: ƙaron da ke cikin tawadar ne ya dare lokacin da sinadarin tsufar da ita ya taɓa shi. A Janairun 1987 ya amsa laifinsa. Duk da haka, shekara goma bayan nan, a 1997, wani ɗakin karatu a Amherst ya sayi wata waƙa a gwanjo da sunan rubutun hannun mawaƙiya Emily Dickinson, daga baya aka gano aikin Hofmann ce. Jabu idan ta shiga kasuwa takan daɗe tana yawo bayan an kama mai ita.

Yanzu ku kwatanta da wannan. Kwafin Littafin Mormon na rubutun hannu da aka kai wa maɗaba'a, yawancinsa magatakardan Smith, Oliver Cowdery, ne ya rubuta. Kafin rasuwarsa a 1850 ya damƙa shi ga David Whitmer, daga Whitmer ya koma ga iyalinsa, jikansa ya sayar wa cocin Missouri a 1903, ita kuma ta sayar wa cocin Utah a 2017 a kan dala miliyan 35. Kowane hannu sananne ne, babu giɓi. Mu da muka tashi muna jin malamai na auna hadisi da isnadinsa, wane daga wane, bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Takardun Hofmann kullum isnadinsu a yanke yake: wani dillali da ya nemi a sakaya sunansa, wata tsohuwa da ba a iya samunta, wani littafi da aka buɗe bisa sa'a. Idan mai sayarwa ya ce ba zai faɗi inda ya samo ba, ku mayar masa da kayansa cikin mutunci, kome kyansu. In kuwa ya faɗa, ku tashi ku je gidan, ku gaisa da magada, ku ji ta bakinsu. Kuma mutum guda da yake ta tsintar abin da kowa ya nema ya rasa, shekara bayan shekara, sa'arsa kanta abin tambaya ce.

Kasuwar komik matsalarta daban ce. A can ba a cika ƙirƙirar sabon abu ba, tsohon ake yi wa kwalliya a ɓoye. Action Comics na ɗaya, wanda Superman ya fara bayyana a cikinsa a 1938, santi 10 aka sayar da shi. An buga wajen kwafi dubu 200, ana ƙiyasin kusan 100 suka rage, kuma a Afrilun 2024 an sayar da guda a gwanjo dala miliyan 6. Tunda kwafin duka iri ɗaya ne, lafiyar kowanne ita ce kuɗinsa. A 2013 wani mai gyaran gida a Minnesota ya tarar da kwafi a cikin bango, an cusa shi tare da tsofaffin jaridu don tare sanyi. Ana cikin gardama da wata 'yar'uwar matarsa bangon baya ya yage. An sayar da shi dala 175,000, dillalan kuma suka ƙiyasta yagewar nan ta ci masa wajen dala 75,000. Da irin wannan lissafi, ba mamaki wasu suka koyi cike launin da ya kwashe da alƙalami, da datse gefen da ya tauye, da manna bangon wani kwafi a jikin wani. Abin ya kai tun shekarar 2000 kamfanin CGC ke duba kowace mujalla, ya ba ta maki daga rabi zuwa 10, ya rufe ta a akwatin roba. Wadda ba a taɓa ba tana samun tambari shuɗi, wadda aka yi wa gyara a ba ta wani launi daban, kuɗinta ya faɗi sosai. Rufewar ba ta kwanta mini ba, domin littafin da ba za a iya buɗewa ba ya rasa rabin dalilin zamansa. Amma ƙa'idar bayyana gyara daidai ce. Gyara ba laifi ba ne idan littafi na neman wargajewa, ɓoye shi ga mai saye ne ha'inci. Don Allah ku nisanci salatif, gamsa yana ratsa takarda ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Ku nisanci rufe tsohuwar takarda da leda a injin zafi, domin ba a iya mayar da ita yadda take. Tsohon bango ko ya tsufa ku bar shi, tadarishi da gafakar da rubutu ya zo a ciki ku ajiye su tare da shi.

Ajiya ma tana da nata labarin. Ainihin rubutun farko na Littafin Mormon, Joseph Smith da kansa ya sa shi a cikin dutsen harsashin wani gini a Nauvoo a 1841, don ya dawwama. Da aka buɗe a 1882 danshi ya riga ya cinye mafi yawansa, aka kuma riƙa raba ragowar shafukan ga baƙi. Abin da ya rage yau kashi 28 ne cikin ɗari, ko kusa da haka. Shi kuwa Edgar Church, wani mai zanen talla a Denver, sayen komik kawai yake yana jerawa a ɗakin ƙasa mai sanyi da bushewa, babu rana babu yawan taɓawa. Da Chuck Rozanski ya sayi tarin a 1977, mujallu fiye da dubu 18, shafukan da yawa farare ne kamar ranar da aka buga su, kuma har gobe kwafin da ya fito daga wannan ɗaki kuɗinsa daban ne. A wajenmu abokan gaba su ne danshin damina, da gara, da kyankyaso, da zafin kwano. Ku ɗaga akwati daga ƙasa, ku janye shi daga jikin bango, ku riƙa buɗewa kuna dubawa, musamman daga watan Yuli zuwa Satumba.

Abin da ya sa komik ya yi tsada shi ne babu wanda ya ɗauke shi da daraja. Iyaye sun zubar, an tattara don sake sarrafa takarda lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a ƙarshen shekarun 1940 har tara su aka yi ana ƙonawa a wasu garuruwa da sunan kare tarbiyyar yara. Ina tuna wannan duk lokacin da na ga ana ƙunshe ƙosai da shafin littafin Hausa. Kowa ya san darajar bugun 1934 na Ruwan Bagaja ko Ganɗoki ko Shaihu Umar, da fitowar farko-farko ta Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939. Amma ƙananan littattafan hukumar adabi ta NORLA na shekarun 1950, da littattafan soyayya na Kano na shekarun 1980 da 1990, irin su Budurwar Zuciya da In Da So Da Ƙauna, a takarda mai araha aka buga su, an karanta su hannu zuwa hannu har suka mutu. Bugunsu na farko da cikakken bango yana ƙara wuyar samu, kuma da yawa ba a rubuta shekara ko lambar bugu a jikinsu ba, wanda ke nufin nan gaba shaidar wanda ya ajiye ce kawai za ta raba na farko da na biyar.

Saboda haka kowannenku ya buɗe rajista tun yau. Duk littafin da ya shigo, a rubuta sunansa, da ranar da aka saye shi, da wurin wa, da nawa, da abin da mai shi ya faɗa game da inda ya samo shi, da kowace yagewa ko gyara ko shafin da ya ɓace. A ɗauki hoton bango da shafin farko da na ƙarshe da waya. Kada a rubuta komai da biro a jikin littafin, a sa bayanin a wata takarda daban a cikinsa. Ranar sayarwa a ba mai saye kwafin wannan bayani, shi ma ya ƙara sunansa a ƙasa. Idan kuma rubutun hannu ne na wani malami kuma magada sun yarda a sayar, ku fara tuntuɓar wuraren adana tarihi irin su Gidan Arewa da ke Kaduna, ko aƙalla ku bari a ɗauki hoton kowane shafi kafin ya bar garin.

Allah ya sa albarka a sana'arku.

Wassalam,
ɗan'uwanku a son littafi.