Kafin bindiga ta iso Damargu, wani ne ya sa hannu

Ƴan uwa matasa, babu masana'antar harsashi a Tanout, babu a Belbeji. Amma duk wanda ya san hanyar Agadas zuwa Damagaram ya san tun faɗuwar Gaddafi a 2011 makaman Libiya suka bazu kudu. Rigimar gona da burtali da a da ake kashewa gaban hakimi, in bindiga ta shiga, sai zaman makoki. Makamin nan kuwa wata ƙasa ce ta ƙera shi, wani jami'i ya sa hannu aka fitar da shi.

Ku dubi Suwis. A 2011 an ga harsasan da ta sayar wa Katar a hannun ƴan tawayen Libiya. To amma a can talaka yana da ta cewa: mutum 100,000 in suka sa hannu cikin wata 18, dole a kira zaɓen raba gardama, ko gwamnati tana so ko ba ta so. A 2009 sun kai batun hana fitar da makamai gaban akwati, suka sha kaye, kashi 68 cikin ɗari suka ce a'a. Ba su naɗe tabarma ba. Da gwamnati ta so sassauta sayar wa ƙasashen da ke yaƙin basasa a 2018, suka sake tara hannu sama da 100,000. A 2021 majalisa ta rubuta hanin cikin doka, suka janye buƙatarsu.

Mu fa? Raba gardamar tazarce ta 4 ga Agusta 2009 daga sama ta zo. Ta 31 ga Oktoba 2010 ma haka. Kullum tambayar ta masu mulki ce, namu «i» ko «a'a».

Wani zai ce ai Nijar ba ta sayar da makamai. Gaskiya ne. Sai dai ta nan suke ratsawa, kuma muna da hukumar CNCCAI tun 1994 don karɓar haramtattun makamai. Wa ke tambayarta nawa ta karɓa a Damargu?

Ranar da za a zauna rubuta sabon kundin tsarin mulki, mu nemi a sa wannan haƙƙi a ciki: adadin sa hannu sananne, wa'adi sananne, kuma a ƙirga makiyayin Tarka daidai da ɗan Yamai. Mu fara maganar tun yau a fada, wajen shan shayi.