Sabon Irin Waken Samaru: A Ci Ko A Bari?

Tun da aka fara raba wa manoman Najeriya sabon irin wake da aka sauya wa ƙwayar halitta, wanda ake kira GMO ko OGM, saƙonnin murya ba su daina yawo a WhatsApp ba. Wani ya ce waken yana hana haihuwa, wani ya ce yana kawo ciwon daji, wani kuma ya rantse cewa gonar da aka shuka shi ba za ta sake fid da komai ba. Jami'ai kuma suna cewa babu abin tsoro ko kaɗan. Mu da ke Maraɗi, Damagaram, Tawa da Doso ba 'yan kallo ba ne a wannan magana. Bayan Najeriya babu ƙasar da ta kai Nijar noman wake a duniya, kuma tiya guda ta iri ba ta buƙatar takardar duwan kafin ta tsallako daga Jibiya ko Maigatari ko Illela. Saboda haka gara mu san abin da ake magana a kai kafin ya iske mu a rumbu.

Ga yadda abin ya faro. Duk manomin wake ya san tsutsar da ke cin fure, ta huda kwanso, ta bar shi da harawa. Masana suna kiranta Maruca, kuma a shekarar da ta yi yawa tana iya cinye har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Masu bincike sun daɗe suna neman irin waken da ke da juriyar wannan tsutsa daga asalinsa, ba su samu ba. Sai suka koma ga wata ƙwayar bakteriya da ke zaune cikin ƙasa, mai suna Bacillus thuringiensis, wadda ake taƙaitawa da Bt. Wannan bakteriya tana yin wani sinadarin furotin da ke kashe tsutsa, kuma tun 1938 ake sayar da ita a Faransa a matsayin maganin feshi. Abin da aka yi shi ne aka ɗauko ƙwayar gado guda daga cikinta, aka sa a cikin wake, domin shukar ta riƙa yin sinadarin da kanta. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, ita ta jagoranci gwajin a gona tun 2009, tare da gidauniyar AATF da ke Nairobi da cibiyar CSIRO ta Ostareliya. A 2019 Najeriya ta amince da irin, aka sa masa suna SAMPEA 20-T. Gana ma ta fitar da nata, Songotra-T, a 2024.

Tambayar farko da ke zuwa wa kowa ita ce: abin da ke kashe tsutsa ba zai cutar da mutum ba? Tambaya ce mai hankali, kuma tana da amsa. Sinadarin, mai suna Cry1Ab, ba ya aiki sai ya narke a hanji irin na tsutsa, wanda ruwansa ya fi karkata ga kanwa, sannan ya samu wasu maɗaukai na musamman a bangon hanjin ya maƙale. Cikin ɗan Adam mai tsami ne, ba shi da waɗannan maɗaukai, don haka yakan narkar da sinadarin kamar sauran furotin na abinci. Kuma wannan sinadari ba baƙo ba ne. Tun 1996 ake noman masara mai ɗauke da shi a Amurka, ana nomanta a Sifen, kuma a Afirka ta Kudu fiye da shekara 20 ke nan mutane ke tuƙa tuwo da farar masarar da aka sauya wa halitta. Ga masu tambayar halacci, ƙwayar gadon da ke cikin wannan wake daga bakteriyar ƙasa aka ɗauko ta, babu ruwanta da alade ko wata dabba.

Bincike mafi faɗi da aka yi a kan lamarin shi ne rahoton cibiyoyin kimiyya na ƙasar Amurka na 2016. Kwamitin ya duba bincike fiye da 900, ya kuma kwatanta alƙaluman lafiya na Amurka da Kanada, inda aka daɗe ana cin irin wannan abinci, da na Birtaniya da yammacin Turai, inda ba a cika cinsa ba. Bai ga wani bambanci a yawan ciwon daji, ciwon ƙoda ko ƙiba da za a ɗora wa wannan abinci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce waɗanda ke kasuwa yanzu sun tsallake gwaji, amma ta ƙara da sharaɗi mai muhimmanci: kowane iri da nasa hukunci, ba a yi musu kuɗin goro.

Hotunan ɓerayen nan masu manyan ƙari a jiki da ake turo mana fa? Sun fito ne daga binciken wani Bafaranshe, Gilles-Éric Séralini, na 2012. Mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2013. Ba ta zarge shi da ƙarya ba. Ta ce ɓeraye goma-goma da ya sa a kowane rukuni sun yi kaɗan, kuma nau'in ɓeran da ya yi amfani da shi yakan fitar da ƙari da kansa idan ya tsufa, ko me ya ci. Wata mujalla ta sake buga aikin a 2014, amma hukumomin abinci na Turai ba su karɓe shi a matsayin hujja ba. Kuma ma a kan wata masara mai jure maganin ciyawa aka yi shi, ba a kan wake ba. Batun hana haihuwa kuwa, babu wani bincike tabbatacce da ya nuna shi. Wanda ya yaɗa irin wannan zance ba tare da ya tantance ba, ya ɗauki nauyin tsoratar da talakan da wake ne namansa.

To amma kada wannan ya sa mu ɗauka cewa duk mai ɗari-ɗari jahili ne. Tarihin wannan fasaha yana da darussa guda huɗu da ya kamata mu riƙe.

Na farko, sauya ƙwayar halitta na iya shigar da cuta idan ba a yi gwaji ba. Wani kamfanin iri a Amurka ya taɓa sa ƙwayar gadon wani ɗan itace na Brazil a cikin waken suya domin ƙara masa amfani. Gwajin da aka buga a 1996 ya nuna cewa masu borin jini da ɗan itacen za su iya yin bori da waken, sai aka watsar da aikin kafin ya kai kasuwa. Gwaji ne ya tsare mutane, ba alkawarin kamfani ba.

Na biyu, iri ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. A 2000 an gano masarar StarLink, wadda aka yarda a ba dabbobi kawai, a cikin abincin mutane a Amurka, har sai da aka kwashe kayayyaki masu yawa daga kantuna. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da ɗakunan gwaji ko'ina, ina ga kasuwanninmu da ake juye buhu kan buhu?

Na uku, ƙwari ba sa barci. A Afirka ta Kudu, tun 2007 aka ba da rahoton cewa tsutsar karan masara ta fara jure wa wannan sinadari na Cry1Ab. Shi ya sa ake umartar manomi ya shuka irin gargajiya a wani gefen gona, domin tsutsar da ba ta da juriya ta ci gaba da hayayyafa. Manomin da ya karɓi iri a hannun ɗan uwansa ba tare da bayani ba, ba zai san da wannan ba.

Na huɗu yana nan kusa da mu. Burkina Faso ta fara noman audugar Bt a 2008. Tsutsa ta ragu, feshi ya ragu, amma zaren audugar ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya. A 2016 kamfanonin audugar ƙasar suka juya mata baya, suka nemi Monsanto ya biya su diyyar kimanin miliyar 48 na sefa. Matsalar ba ta guba ba ce, ta aljihu ce, amma manomi ya ji ta a jikinsa.

Akwai kuma abin da muke ganin an manta da shi a cikin wannan hayaniya. Gubar da aka tabbatar tana cikin kwanon wakenmu ita ce maganin ƙwari. Manomin wake yakan yi feshi sau shida zuwa takwas a damina guda, sau da yawa ba safar hannu ba takunkumi, da maganin da bai iya karanta rubutun jikinsa ba. Masu sabon irin sun ce sau biyu ya wadatar, kuma idan haka ta tabbata a gonar talaka, riba ce ga lafiyar mai feshi da mai ci. Sai dai irin bai kare wake daga ƙwaron da ke cinsa a ajiya ba, kuma a nan ne wasu 'yan kasuwa ke zuba Sniper a cikin buhu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da ta samu a ciki. Turawa sun mayar da buhunan, mu kuwa da irinsu muke yin ƙosai, ɗanwake da alale. Alhali maganin wannan yana hannunmu: buhun PICS mai ninki uku, wanda masu binciken INRAN a Maraɗi suka taimaka wajen gwada shi, yana kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, babu ɗigon magani.

Wani tsoron shi ne na mallakar iri, wato a wayi gari manomi ba ya shuka sai ya saya. A nan ma sai an bambance. Wake da kansa yake barbarar kansa, don haka wanda ya ajiye iri daga girbinsa zai iya sake shukawa, kuma an ba da ƙwayar gadon ba tare da kuɗin mallaka ba. Masarar TELA da Najeriya ta fitar a farkon 2024 kuwa irin aure ce, kuma duk irin aure ƙarfinsa na raguwa idan an maimaita shi, ko an sauya masa halitta ko ba a sauya ba. Abin lura shi ne kada murnar sabon iri ta sa mu zubar da namu na gado, wanda ya saba da farinmu da ƙasarmu.

Matsayinmu dai shi ne, hujjojin da ke ƙasa sun nuna cin wannan wake ba shi da haɗarin da ake yayatawa, amma hakan bai sauke nauyin da ke kan hukuma ba. Yarjejeniyar Cartagena, wadda ta fara aiki a 2003, ta ba kowace ƙasa haƙƙin a sanar da ita, ta kuma yi nata nazari, kafin a shigo mata da irin shuka da aka sauya wa halitta. Haƙƙin da ba a da kayan aikin karɓarsa kuwa takarda ce kawai. Muna kira ga mahukunta da su samar da ɗakunan gwajin da za su iya gane irin da ke kasuwa da kuma yawan maganin ƙwarin da ke jikin hatsi, su sa masu bincikenmu su gwada duk sabon iri a ƙasarmu kafin a ce a shuka ko a bari, a kuma bayyana sakamakon da Hausa da Zabarmanci a gidajen rediyo. Mai sayar da iri ya rubuta abin da ke cikin buhunsa, domin ɓoye wa mai saye abin da yake saye ha'inci ne ko da kayan lafiyayye ne.

Mu kuma da ke gida, idan saƙo ya zo, mu tambayi mai turowa: wane iri ne, wa ya gwada shi, a ina? Idan za mu auni wake a kasuwa, mu sunsuna shi, mu guji mai warin magani, mu wanke shi da kyau kafin a ɗora tukunya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da cin abin da zai cutar da mu.