ZARE: Wa ya sa mu a cikin kwando?

1/ Jiya a gurup ɗin 'yan unguwarmu wani ya turo hoton da AI ta haɗa: Trump da kakin soja, ya saɓa wani yaro mai kuka a kafaɗa, an rubuta "Najeriya" a rigar yaron. Sai 🔥🔥 ake jefawa da "Allah ya kawo shi". Wallahi abin ya tsaya min a rai. Ku ba ni minti biyar. 🧵

2/ Na san hoton nan. Kakansa ya fito a 1899 a mujallar Judge ta Amurka, wani Victor Gillam ya zana shi. Bambancin ɗaya ne: wancan Bature ne ya zana mu a haka. Wannan mu muka zana kanmu, da datar da muka saya da kuɗinmu.

3/ Ga abin da ke cikin na Gillam. John Bull, wato Ingila, yana hawa dutse da ƙaton kwando a baya, an cusa mutanen Indiya, Masar, Sudan da Zulu a ciki. Bayansa Kawu Sam, wato Amurka, yana gumi da nasa kwandon: Filifin, Kuba, Hawaii, Fotoriko.

4/ Duwatsun da suke takawa an rubuta musu jahilci, camfi, dabbanci. A ƙololuwa ga gunkin "wayewa" yana jiransu. Saƙon a fili yake: mulkin mallaka wahala ce Bature ke sha saboda mu. Shi ne mai tausayi, mu ne kaya.

5/ Me ya kawo zanen? A 1898 Amurka ta ci Sifaniya da yaƙi, ta biya dala miliyan 20 ta karɓe Filifin. Mutanen Filifin sun zaci 'yanci ya zo, don tare aka kori Sifaniyawa. A Fabrairun 1899 sai ga bindigar mai ceton ta juyo kansu.

6/ Yaƙin ya kai 1902. Fararen hular da suka mutu, da harsashi da yunwa da annoba, aƙalla dubu 200 ne. 'Yancin kuwa sai 1946. Goyon da aka ce na ɗan lokaci ne ya kusa shekara 50.

7/ Zane na biyu: mujallar Puck, Janairun 1899, na Louis Dalrymple. Kawu Sam malami ne da tsumagiya, ya sunkuyo kan yara huɗu baƙaƙe a bencin gaba: Filifin, Hawaii, Fotoriko, Kuba. Duk sun tsure. A baya fararen yara na karatu cikin natsuwa.

8/ Ku lura da gefen ajin. Yaro baƙar fata na goge taga. Ɗan asalin ƙasar na zaune bakin ƙofa ya riƙe littafi a kife. Ɗan Sin na tsaye a waje. A allo an rubuta wai Ingila ta mulki ƙasashe ko sun yarda ko ba su yarda ba, Amurka ma haka za ta yi.

9/ To nan ne abin ya zo ƙofar gidanmu. Shekara huɗu bayan wannan zane, 3 ga Fabrairun 1903, Kanar Morland ya buɗe wa ganuwar Kano igwa, Sarki Alu na hanyar dawowa daga Sakkwato. A Maris Sakkwato ta faɗi. A Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi.

10/ Lugga bai ce ya zo neman haraji ba. Cewa ya yi ya zo hana cinikin bayi, da kama Magajin Keffi da ya kashe Kyaftin Moloney. Kuma kar mu yi wa kanmu ƙarya, bautar akwai ta. Mai mamaya da matsalarka ta gaske yake shigowa, ba ya buƙatar ƙirƙira.

11/ Ni a Nassarawa GRA nake. Kusan kullum sai na wuce Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya buɗe makarantarsa a 1909. Titunan nan masu faɗi da bishiyoyi don Turawa aka shata su, nesa da birni. Ajin Dalrymple a nan aka kafa shi, da allo da komai. Sai 1960 aka tashe mu.

12/ Wani zai ce: ai Amurkawa da yawa sun yi adawa. Gaskiya ne. A 1898 aka kafa ƙungiyar masu adawa da mulkin mallaka a Boston, Mark Twain ya shige ta daga baya. A zaɓen 1900 Bryan ya yi kamfe da wannan batu. McKinley ya kayar da shi, yaƙi ya ci gaba.

13/ Amma ku tona dalilan wasu daga cikin masu adawar. Sanata Ben Tillman na South Carolina ya ƙi karɓar Filifin ne don ba ya son ƙarin masu duhun fata a ƙarƙashin tutarsu. Ɗaya na cewa a goya su, ɗaya na cewa za su ɓata mana riga. Ba wanda ya tambayi na cikin kwandon.

14/ Wannan nake so 'yan "Team Trump" da 'yan "Team Democrat" na Kano su gane. Kuna kwana kuna zagin juna a kan mahawarar da ku ne abin zanawa a cikinta. Su ƙuri'ar Ohio da Texas suke lissafi. Zurmi da Batsari ba sa kaɗa ƙuri'a a can.

15/ Zane na uku, don adalci. A Satumban 1901 aka kashe sojojin Amurka kusan hamsin a Balangiga. Janar Jacob Smith ya ba da umarni a tsibirin Samar: a kashe duk wanda ya haura shekara goma, wai ya isa ɗaukar makami. Shekara GOMA. Ɗan aji biyar.

16/ A Mayun 1902 Homer Davenport ya zana shi a New York Journal: yara an ɗaure musu ido, sojoji sun saita bindiga, a saman tuta ungulu ta maye gurbin mikiyar Amurka. An gurfanar da Smith a kotun soja, Roosevelt ya tilasta masa ritaya. Bai yi kwana ɗaya a kurkuku ba.

17/ Duk da haka na sara wa wannan alƙalami. Ɗan ƙasa ne ya kunyata janar ɗin ƙasarsa ana tsakiyar yaƙi. A 1906 an shafe Satiru kusa da Sakkwato, mutum kusan dubu biyu. Ku nuna min zane ɗaya da kuka taɓa gani a kanta. Mu nawa ne ma muka san sunan?

18/ Ƙarin haushi: sanannen kulkin nan na Roosevelt, wai ka yi magana a hankali ka riƙe ƙatuwar gora, cewa ya yi karin maganar Afirka ta Yamma ce 😭 A 1904 W. A. Rogers ya zana shi yana taka tekun Karebiya da gorar, yana jan jiragen yaƙi da igiya kamar motar langa-langa.

19/ Gorar ba ta tsaya a takarda ba. 1903 aka ɓalle Panama daga Kolombiya don a haƙa mashigin ruwa. Disamban 1914 sojojin ruwansu suka kwashe zinaren dala dubu 500 daga bankin Haiti zuwa New York. 1915 suka mamaye ƙasar don "dawo da zaman lafiya". Sai 1934 suka fita.

20/ Ban raina kukan kowa ba fa. Wanda aka sace wa uwa a Zamfara, ko aka ƙona wa ƙauye a Filato ko Binuwai, in ya ce ko Shaiɗan ne ya zo ya taimaka, ba ni da bakin yi masa lacca daga GRA. Shugabanninmu ne suka kai shi wannan bangon.

21/ Da ku nake, masu wuta da Wi-Fi, masu lokacin haɗa hoto. Ku da kuka yi boko kuka san Iraƙi 2003 da Libiya 2011. Haɗin gwiwa da wata ƙasa ba laifi ba ne, in da sharaɗi a rubuce da majalisa ta gani. Roƙon a goya ka kuwa, ba wa kura ajiyar nama ne.

22/ Muna da namu gadon. Akinola Lasekan ya yi shekaru yana caccakar Turawan mulki da zane a West African Pilot ta Azikiwe. Yau akwai irin su Mustapha Bulama. In dole sai kun zana, ku zana gwamnan da ke Abuja ana jana'iza a jiharsa. Ku zana kuɗin tsaron da ba a bayaninsa.

23/ Ku buga sunayen nan a Google: Gillam, Dalrymple, Davenport, Rogers. Ku ƙura wa fuskokin cikin kwandon ido sosai, ku ga yadda aka zana leɓensu da idanunsu. Sannan ku koma kan hoton jiya ku gaya min wa kuka gani.

24/ Kai da ka turo hoton, ka san kanka 😅 Na jefa maka zaren a gurup. Ka karanta har ƙarshe, ban da tsallake. Bayan isha'i mu haɗu wajen mai shayi mu ƙarasa faɗan. Indomin a kanka.