Leda Da Gawayi A Gidajenmu

Jama'a, ina so mu yi shawara a kan leda. Sa'ad da gwamnati ta ƙaura zuwa Abuja a 1991, ana yabon birnin da tsabta. Yau fa? Je ka Nyanya ka dubi lambatu. Ledar ruwa ta toshe shi sarai, da ruwan sama ya sauko sai ya nemi hanya ta ɗakunan mutane. Gama leda ba ta ruɓewa kamar ganyen da iyayenmu kan ƙunshe alala da shi. Akuya ma in ta haɗiye, sai ta yi ta ramewa.

Waɗansu kan ce aikin hukuma ne. To, hukuma takan kwashe shara zuwa Gosa, amma ita ta karɓo leda biyar wurin mai tumatir? Ruwanda ta hana leda tun 2008, kasuwanninta kuwa ba su daina ci ba. Uwargida, ɗauki kwandonki in za ki cefane.

Ga kuma gawayi. Da gas ya yi tsada aka koma masa, ana ta sare itatuwan Nasarawa da Neja. Ban ce kowa ya iya sayen gas ba. Amma jiƙa wake tun dare da rufe tukunya ba su cin ko kwabo, buhu ɗaya kuwa sai ya daɗe.