Takardar Koke Kan Horar da Ungozomomi da Ma'aikatan Jinya a Yankunan da Rikici Ya Ɗaiɗaita a Borno da Yobe

Zuwa ga:
Mai girma Ministan Lafiya da Walwalar Al'umma,
Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, Abuja.

Kwafi zuwa ga:
Mai girma Gwamnan Jihar Borno;
Mai girma Gwamnan Jihar Yobe;
Magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya;
Shugaban Hukumar Raya Yankin Arewa maso Gabas.

Ranka ya daɗe,

Mu da muka sa hannu a wannan takarda ungozomomi ne da ma'aikatan jinya, da malaman da ke koyar da su, da iyayen ɗalibai, daga jihohin Borno da Yobe. A cikinmu akwai waɗanda suka karɓi haihuwa a sansanonin 'yan gudun hijira, akwai waɗanda suka koma aiki a garuruwan da sojoji suka ƙwato, akwai kuma waɗanda suka binne 'ya ko ƙanwa saboda naƙuda ta zo cikin dare babu mai karɓa. Tushen kokenmu guda ne. Tsarin da ake bi wajen horar da ungozomomi da ma'aikatan jinya a ƙasar nan an yi shi ne don wuraren da ke zaune lafiya, mu kuwa tun 2009 muke cikin yaƙi. Muna roƙon a yi wa yankinmu tanadi na musamman, ta yadda 'ya'yan waɗannan garuruwa za su samu horo, su koma gida, a ɗauke su aiki, a kuma tsare rayukansu.

Halin da ake ciki

A ƙarshen 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cikin cibiyoyin lafiya 743 na Jihar Borno, kashi 35 cikin ɗari an rusa su gaba ɗaya, kashi 29 kuma sun lalace. Tun daga lokacin an sake gina da yawa, kuma muna yaba wa gwamnatocin jihohinmu kan haka. Sai dai gini ba ya karɓar haihuwa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 43 cikin ɗari ne kawai na haihuwa a Nijeriya ke samun kulawar ƙwararren ma'aikaci, a Arewa maso Gabas kuwa kusan ɗaya ne cikin huɗu. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce mata kimanin 82,000 suka rasu a Nijeriya a 2020 sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na duk waɗanda suka rasu ta wannan hanya a duniya.

Abubuwan da ke kashe su sanannu ne: zubar jini bayan haihuwa, jijjiga, doguwar naƙuda da shigar ƙwayoyin cuta. Maganinsu ma sananne ne, kuma ba shi da tsada, muddin akwai hannun da ya iya a kusa. A wurare kamar Rann, inda ruwan damina ke datse hanya na tsawon watanni, ko garuruwan da ba a fita sai da rakiyar sojoji, ba a maganar a garzaya da mai naƙuda babban asibiti. Ungozomar da ke cikin garin ita ce iyakar abin da mace take da shi a wannan dare. Idan babu ita, wadda ta tsira da ranta ma sau da yawa da yoyon fitsari take tsira.

Koke na farko: an rufe ƙofar shiga ga 'yan matan da aka fi buƙata

Sharaɗin shiga makarantar jinya ko ungozoma shi ne kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Ba mu neman a rage darajar wannan aiki, domin rai ake damƙa wa mai yin sa. Amma muna roƙon a dubi yarinyar da aka haifa a Kala-Balge, Abadam, Gwoza, Gujba ko Gulani. An kashe ɗalibai a Mamudo a 2013 da Buni Yadi a 2014. An sace 'yan mata 276 a Chibok a watan Afrilun 2014, aka sake sace 110 a Dapchi a watan Fabrairun 2018. Makarantu sun yi shekaru a rufe, wasu sun zama masaukin 'yan gudun hijira, iyaye da dama kuma sun janye 'ya'yansu mata don tsoro. Yarinyar da ta yi sakandare a wannan hali, babu ɗakin gwaje-gwaje, babu malamin Fiziks, ita ake sa wa ma'auni ɗaya da 'yar birni. Sakamakon haka guraben karatu na tafiya ga waɗanda ba za su zauna a ƙauye ba idan sun gama.

An taɓa gwada mafita, kuma ta yi aiki. Shirin samar da mata ma'aikatan lafiya da gwamnatin Birtaniya ta tallafa wa daga 2012 zuwa 2020, wanda ya haɗa da Yobe tun farko kafin ya iso Borno, ya ɓullo da shekarar share fage. Al'umma ke zaɓo yarinya daga cikinta, a ba ta darasi har ta cike kiredit ɗinta, ta shiga makaranta bisa alkawarin komawa garinsu ta yi aiki. Da shirin ya ƙare, nauyin ya koma kan jihohi. Abu mai muhimmanci haka bai kamata ya rataya a kan ƙarfin aljihun jiha ɗaya ko alherin wata ƙasar waje ba.

Koke na biyu: an ƙara ɗalibai, malamai da kayan koyarwa ba su ƙaru daidai da su ba

Mun ji sanarwar ma'aikatarku ta 2024 cewa an ɗaga adadin ɗaliban jinya da ake ɗauka a ƙasa daga 28,000 zuwa 64,000, kuma mun yi murna. Amma ungozoma a bakin gado take koyon aiki, ƙarƙashin idon wadda ta riga ta sani. Idan ɗalibai suka yi wa malama ɗaya yawa, suka yi cincirindo a ɗakin haihuwa ɗaya, za su fito da takardar shaida hannunsu bai nuna ba. Makarantunmu a Maiduguri da Damaturu na fama da ƙarancin ƙwararrun malamai da ɗakunan kwana da kayan gwaji. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumban 2024, wadda ta shiga har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ta nuna hatsarin tara kusan dukkan wuraren koyon aiki a birni ɗaya. Haka kuma matar aure mai goyo, wadda ita ce ta fi yiwuwa ta zauna a garin mijinta ta yi aiki shekara da shekaru, takan bar karatu idan babu ɗakin reno da masaukin da ya dace da ita.

Koke na uku: manhajar ba ta san yaƙi ba

Ana koya wa ɗaliba cewa idan abu ya fi ƙarfinta ta tura majiyyaciya gaba. Ba a koya mata sosai abin da za ta yi idan hanya a rufe take, babu lantarki, babu jini, babu likita. Aikinmu na yau da kullum ya ƙunshi kula da matan da aka yi wa fyaɗe, da 'yan matan da suka dawo daga hannun 'yan bindiga da ciki, da yara masu tamowa, da ɓarkewar amai da gudawa, da mutanen da firgici ya taɓa hankalinsu. Yawancinmu a bakin aiki muka koyi wannan, ko a gajerun bitoci na ƙungiyoyin agaji. Ga kuma harshe: mai naƙudar da ba ta jin komai sai Barbarci ko Larabcin Shuwa ko Margi ko Badanci ba za ta iya faɗa wa baƙuwa inda ke mata ciwo ba.

Koke na huɗu: a horar, a bari a zube

A farkon 2024 shugabancin hukumar kula da aikin jinya ya bayyana cewa ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. A wannan lokacin kuma akwai waɗanda suka gama karatu, suna riƙe da lasisi, suna zaune a gida babu aiki. Shirin tura ungozomomi karkara da aka fara a 2009 ya kai ma'aikata ƙauyuka, amma rashin biyan alawus a kan kari da rashin masauki suka sa da yawa suka bar wuraren. A garuruwa da dama na yankinmu ƙungiyoyin agaji ne ke biyan albashin ungozoma, kuma yanke tallafin Amurka a 2025 ya nuna mana yadda hakan ke iya tsayawa dare ɗaya. Ungozomar al'umma da ta yi horon shekara biyu kuma na buƙatar hanya bayyananna ta ƙaro karatu ba tare da ta rasa aikinta ba.

Koke na biyar: rayukanmu

A ranar 1 ga Maris 2018 aka kai hari Rann, aka sace Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman da Alice Loksha suna bakin aikin ceton rai. An kashe Saifura a watan Satumba, aka kashe Hauwa a watan Oktoba na shekarar 2018, dukkansu ba su wuce shekara 25 ba. Alice sai a 2024 ta kuɓuta. Duk uban da za a ce ya bar 'yarsa ta yi aiki a bakin iyaka ya san wannan labari. Ƙuduri mai lamba 2286 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2016, ya ɗora wa gwamnatoci nauyin kare ma'aikatan lafiya a fagen rikici. Muna son mu ga wannan nauyi a rubuce cikin sharuɗɗan aikinmu.

Abubuwan da muke roƙo

1. A mayar da shekarar share fage dindindin cikin manufar ƙasa, da kasafinta na kanta, a kuma ware wa kowace ƙaramar hukuma da rikici ya shafa gurabenta, waɗanda ba za a bai wa kowa ba sai 'ya'yanta.

2. A ɗauki nauyin karatun waɗannan ɗalibai gaba ɗaya, har abinci da kuɗin jarrabawar hukuma, bisa yarjejeniyar komawa gida aiki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta riga ta ware kashi 10 cikin ɗari na Asusun Kiwon Lafiya a Matakin Farko don horar da ma'aikata. Muna roƙon a bayyana wa jama'a nawa ne ya iso jihohinmu daga wannan kaso, da abin da aka yi da shi.

3. Hukumar Raya Yankin Arewa maso Gabas ta haɗa hannu da jihohi wajen horar da malamai, gina ɗakunan kwana da na reno, da inganta manyan asibitocin Biu, Bama, Monguno, Potiskum da Gashuwa su zama wuraren koyon aiki.

4. Hukumar kula da aikin jinya ta shigar da darussan aiki a yanayin rikici cikin manhaja, a rubuta su tare da waɗanda suka yi aikin da hannunsu, a kuma sa su cikin jarrabawa.

5. Duk wadda ta gama a ƙarƙashin wannan tsari ta samu takardar ɗaukar aiki tare da lasisinta, albashinta kuma ya fito daga gwamnati.

6. A tanadi alawus na hatsari mai ma'ana, inshorar rai, masauki a wuri mai tsaro, da hutun canji ga masu aiki a garuruwan da ke bakin daga, tare da kulawa ga waɗanda firgici ya taɓa.

7. A kafa tallafin karatu da sunan Saifura da Hauwa, a kuma ɗauki nauyin 'ya'yan duk ma'aikacin lafiyar da ya rasa ransa a bakin aiki.

Ranka ya daɗe, a Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, kuma har yau kasafin tarayya bai kai haka ba. Mun yaba da sanarwar da kuka yi a watan Nuwamban 2024 ta yi wa mata masu buƙata tiyatar haihuwa kyauta. Amma kafin mace ta kai ɗakin tiyata, sai an samu wadda ta duba ta a awo, ta gane hatsarin da wuri, ta shawo kan miji da uwar miji a tafi tun hanya na buɗe. Horar da cikakkiyar ungozoma na cin shekara uku, don haka duk shekarar da aka yi jinkiri, mata ne ke biyan kuɗin da rayukansu. Hausawa na cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Muna roƙon a ba mu amsa a rubuce cikin wata uku, a kuma kira zama a Maiduguri ko Damaturu wanda zai haɗa ma'aikatarku da gwamnatocin jihohin biyu da hukumar kula da aikin jinya da sarakuna da malaman addini da wakilanmu, kafin a rufe kasafin kuɗi mai zuwa. Mu a namu ɓangaren mun ɗauki alkawarin shiga garuruwa mu nemo 'yan matan, mu zauna da iyayensu da mazajensu, mu kuma koyar da su abin da muka sani.

Allah Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya yi muku jagora wajen sauke wannan amana.

Mu ne naku,
Ungozomomi, ma'aikatan jinya, malamai da iyayen ɗalibai daga jihohin Borno da Yobe.