Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Batun Aika Fayil Ta Baƙin Allo

Yau ina so in yi magana a kan wani abu da na lura samarinmu na nan Legas suna gudu kamar wuta, alhali kuwa yana daga cikin abubuwan da suka fi dacewa da halin da muke ciki. Wannan abu shi ne tura fayil daga kwamfuta zuwa kwamfuta ta hanyar rubuta umarni a baƙin allon nan da babu hoto babu maɓallin latsawa. Ra'ayina shi ne duk gidan da ke kasuwanci tsakanin Kudu da Arewa ya kamata a samu ko da mutum ɗaya da ya iya wannan aiki.

Mai karatu zai ce ai ga WhatsApp, ga imel, me ya kawo wahala? To bari mu duba. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a maƙale da wasiƙa. WhatsApp ya ɗaga nasa zuwa gigabait 2 a shekarar 2022, amma idan ka tura hoto yadda aka saba, sai ya matse shi ya rage masa kyau. Mahaifina yadi yake sayarwa, kuma duk wanda ya san wannan sana'a ya san cewa hoton shadda da aka matse ba ya nuna saƙa. Bayan haka kuma, lissafin shago da takardun shigo da kaya da sunayen waɗanda ake bi bashi, duk sai ka same su warwatse cikin hirarraki, tsakanin gaisuwar Juma'a da bidiyon biki. Ranar da aka ƙwace wayar a cunkoson Oshodi, ranar ake sanin abin da aka yi asara.

Su waɗannan manhajoji na baƙin allo ba sababbi ba ne. Tsarin FTP tun 1971 Abhay Bhushan ya rubuta shi a jami'ar MIT ta Amurka. Matsalarsa ita ce yana aika kalmar sirri a fili, duk wanda ya laɓe a kan hanya zai karanta, shi ya sa Chrome da Firefox suka daina amfani da shi a 2021. A 1995 wani ɗan ƙasar Finland mai suna Tatu Ylönen ya ƙirƙiro SSH bayan an saci kalmomin sirri a jami'arsu ta Helsinki. SSH yana kulle duk abin da ke wucewa tsakanin kwamfutoci biyu, kuma a kansa scp da sftp suke tafiya. Idan ka rubuta scp lissafi.pdf suna@adireshi:/ajiya/ ka latsa Enter, shi ke nan, fayil ya tafi a kulle, daga hannunka zuwa inda ka nufa.

Amma wanda ya fi burge ni shi ne rsync, wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a Ostareliya a 1996. A lokacin layin tarho ake amfani da shi wajen shiga intanet, ga tsada ga jinkiri ga yawan yankewa. Wato dai matsalar da suka zauna suka warware ita ce matsalarmu ta yau. Yadda yake aiki shi ne, kafin ya tura komai sai ya gwada abin da ke nan da abin da ke can. Fayilolin da ba su canja ba, ba ya taɓa su. Wanda ya canja kuwa, sai ɓangaren da ke karɓa ya yanka nasa tsohon gunduwa-gunduwa, ya lissafa wa kowace gunduwa lamba ta musamman, ya aiko da lambobin, shi kuma mai turawa ya aika abin da ya bambanta kawai. Kamar dai ka aika dila ɗari Kantin Kwari, aka ce uku sun jiƙe a hanya. Ai ba za ka sake loda mota gaba ɗaya ba, ukun nan za ka maye.

Ka ce kana da jakar hotunan kaya dubu biyu, yau ka ƙara ashirin. Ka rubuta rsync -avP hotuna/ suna@adireshi:/ajiya/hotuna/ sai ashirin ɗin nan kaɗai su tafi. Harafin P ɗin can yana nuna maka inda aka kai, kuma yana ajiye abin da ya riga ya isa idan layi ya yanke. An ɗauke wuta, ko sabis ya gudu? Sake rubuta umarnin, ya ɗora daga abin da ya samu. Haka ma wget -c yake yi wajen saukar da babban fayil. A ƙasar da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kowane megabait da ba ka sake turawa ba kuɗi ne ya rage a aljihu. Kuma ba mu manta Maris na 2024 ba, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta koma rarrafe, har bankuna suka ji a jikinsu.

Ban ce abin babu wahala ba. Na farko, sai akwai kwamfuta a ɗaya ɓangaren da ke kunne kuma ana iya kaiwa gare ta. Layukan wayar salula galibi ba sa ba ka adireshin da za a same ka daga waje, don haka mafi yawan lokaci sai an yi hayar ƙaramar uwar garke, kuma sau da yawa da dala ake biya. Na biyu, baƙin allo ba ya tambayar ka ko ka tabbata. Akwai umarnin --delete a rsync da ke share duk abin da ke can wanda babu shi a nan, idan ka juya gabas da yamma sai ka share ajiyar da hannunka. Maganin wannan shi ne ka fara sa -n, zai nuna maka abin da zai yi ba tare da ya yi ba. Na uku, umarnin da Turanci suke. To amma kalmomi nawa ne? Ba su kai goma ba. Yaron da ya iya cinikin yadi da Yarbanci cikin wata shida a kasuwar Balogun, wannan ba zai gagare shi ba.

Kuma ba sai ka sayi komai ba kafin ka fara. Tun 2018 Windows 10 take zuwa da ssh da scp da sftp da curl a cikinta. Rsync dai sai ka sa Linux, ko ka kunna WSL a cikin Windows ɗin. Mai wayar Android ma yana iya koyo da manhajar Termux. Fara da kwamfutoci biyu a kan wifi ɗaya, ka tura hoto guda, ka ga ya isa. Daga nan ka koyi ssh-keygen, wanda zai yi maka makullai biyu, ɗaya ka ajiye a wurinka kada kowa ya gani, ɗaya ka sa a can, ka huta da rubuta kalmar sirri kullum.

Wanda abin da yake turawa bai wuce hoto biyu a mako ba, ya ci gaba da WhatsApp ɗinsa, babu laifi. Maganata da waɗanda dukiyar iyayensu ke rubuce a cikin na'ura nake yi. Iyayenmu ba sa barin littafin bashi a shagon maƙwabci, komai amincin da ke tsakaninsu, don sun san kayan aro ba ya rufe katara. Mu da aka sa a makaranta, aikinmu ne mu tsare musu littafin a sabuwar sigarsa, kwafi ɗaya a Legas, kwafi ɗaya a gida, kuma kowane dare a daidaita su da layi ɗaya na rubutu.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya tsare mana abin da muka tara. Sai mun sake haɗuwa.