Kafin Ka Ce "Ai Jininsu Ne"

Ya kai mai karatu, idan a gidanka akwai wanda ya faɗa shaye-shaye, na san ka ji hukunci iri biyu. Wasu sun ce maka gado ne, kawunsa ma haka ya ƙare, don haka ka fid da rai. Wasu kuwa sun ce iskanci ne, maganinsa mari da bulala. A aikina na harhaɗa magunguna a asibiti na ga yadda hukuncin nan biyu ke jinkirta zuwan majiyyaci wurin likita, har sai an kawo shi ranga-ranga yana jijjiga. Kowannensu ya riƙe gefen gaskiya ya saki saura.

Matsalar ba ta gida ɗaya ba ce. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da gwamnatin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwayoyi, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Gado kaɗai ba zai bayyana wannan adadi ba.

Amma gado yana da hannu, kada a ruɗe ka. Nazarin tagwaye da na iyalai ya nuna kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na saukin kamuwa da jarabar maye yana da alaƙa da ƙwayoyin halitta da mutum ya gada. Ga misali daga fannina: kodin ba ya yin cikakken aiki sai hanta ta juya shi zuwa mofin, ta hanyar wani sinadari mai suna CYP2D6. Wani hantarsa na yin juyin da gaggawa, wani a hankali, wani kusan ba ta yi. Shi ya sa abokai biyu za su sha kwalba guda, ɗaya ya ji tashin zuciya kawai, ɗayan ya ji kamar an sauke masa kayan duniya daga kansa. Na biyun ne zai koma nema.

To sai dai kai manomi ne ko ɗan manomi, ka san ƙuduji. Irinsa kan kwanta a ƙasa shekaru bai tsiro ba, sai ya ji saiwar dawa ko gero kusa da shi, kuma ya fi ɓarna a gonar da ta gaji. Ba ka taɓa yasar da gona don akwai irin ƙuduji a cikinta ba. Taki kake kai mata, ka sauya shuka. Haka gado yake: iri ne a kwance, yana jiran yanayi.

Dubi yanayin da muke ciki a ƙasar Bichi, Dambatta, Kunchi da maƙwabtansu. Gonaki sun matse, rabon gado ya ƙara tsinka su, matashi ya dogara da ƙwadago da damina, da rani ya tafi ci-rani. Mai huɗa ana biyansa gwargwadon abin da ya gama, sai abokin aiki ya miƙa masa tramol "don ƙarfi". Ƙarfin da aka amince da shi a Najeriya miligiram 50 ne da 100, amma wanda ke yawo a kasuwannin ƙauye ya kai 225. Da gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC, kwalba ta yi wuyar samu, amma gajiya da zaman banza suna nan. Muhalli yana da ƙarfin da har sojojin Amurka sun shaida shi: binciken Lee Robins ya gano cewa mafi yawan waɗanda suka kamu da jarabar hodar iblis ta heroyin a yaƙin Biyetnam ba su koma mata ba bayan sun dawo gida.

Na uku shi ne wanda muka fi ɓoyewa, wato raunin zuciya. Wani bincike da aka fara wallafawa a Amurka a 1998, kan mutum sama da 17,000, ya nuna cewa gwargwadon yawan cin zarafi, wofintarwa da rikicin gida da yaro ya gani, gwargwadon haɗarin shaye-shayensa idan ya girma. A wurinmu wannan shi ne maraya da ya tashi cikin duka, da yarinyar da aka saki ba wanda ya tambaye ta damuwarta, da wanda ya gudo daga harin 'yan bindiga barci ya ƙaurace masa. Irin waɗannan mantuwa suke nema a cikin ƙwaya. Saboda haka nake cewa mari yana ƙara ciwon ne. Ka tuna mutum sama da 300 da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa, Kaduna, a watan Satumban 2019, da yawa cikinsu da sarƙa a ƙafa.

Za ka iya cewa wannan bayani yana wanke mai laifi. Bai wanke shi ba. Mai ciwon suga bai zaɓi gadonsa ba, amma kula da abincinsa yana wuyansa. Sanin dalili shi ke nuna inda za a sa hannu.

Don haka ga abin da nake roƙonka. Idan akwai shaye-shaye a danginku, ka faɗa wa likita kafin ya rubuta maka maganin ciwo mai ƙarfi ko na barci. Ka daina sayen ƙwaya a hannun mai talla. Kada ka tilasta wa wanda ya daɗe yana shan diyazefam ko tramol ya daina rana ɗaya, domin hakan na iya jawo jijjiga ko matsanancin ciwo; ragewa ake yi a hankali ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suna duba irin wannan larura. Kada kuma ka hana ɗiyar wani gida aure don laifin yayanta.

Kafin ka tambayi ɗanka me ya sha, zauna da shi ka tambaye shi me ya same shi. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.